Mari Ba Ya Raba Yaro da Ƙwaya



Maganar yau a kan samarin da suka faɗa shaye-shaye ce. Tiramol, kodin, wiwi da sholisho duk sun iso ƙauye. Wani bincike da gwamnatin Nijeriya ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a shekarar 2017 mutum fiye da miliyan 14 ne suka sha miyagun ƙwayoyi a ƙasar nan.

Idan yaro ya gagara, uba yakan kai shi gidan mari, da niyyar malam ya gyara shi. Niyyar mai kyau ce. Amma a watan Satumba na 2019 'yan sanda sun shiga wani gida a Rigasa, cikin Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300. Wasu da sarƙa a ƙafa, bayansu duk tabon bulala. Da yawansu iyayensu ne suka kai su, har suna biyan kuɗi.

Musulunci bai hana giya a rana ɗaya ba. A Suratul Baƙara an fara nuna cewa sharrinta ya fi amfaninta. A Suratun Nisa'i aka hana yin salla cikin maye. Sai a Suratul Ma'ida aka haramta ta gaba ɗaya. Allah ya san halin wanda jikinsa ya saba da abu.

Wanda ya daɗe yana shan tiramol, in ya daina farat ɗaya, zai yi ta zufa da rawar jiki. Gaɓoɓi su yi ciwo, barci ya gagara, wani har da zawo. Ba aljanu ba ne, jiki ne ke neman abin da ya saba. Wannan aikin likita ne. Akwai asibitin Dawanau a Kano, da na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Jihar Sakkwato.

Aikin malam ya fi tsawo, domin bayan an dawo gida ne ake komawa ruwa. Malam ya koya masa tuba, ya sa shi cikin sahu sau biyar a rana, ya tashe shi da asuba, ya ba shi zikiri da karatu su cika lokacin da yake zaman majalisa. In ya zame ya sake sha, a jawo shi, kada a kore shi.

Dangi kuma su daina kiransa ɗan ƙwaya. A ba shi gona ko a kai shi koyon ɗinki ko kafinta, a riƙa cin tuwo da shi kwano ɗaya.