Karatun Damina: Na Rai da Na Nishaɗi

In kina tsintar shinkafa ko kina ɗinkin hula, ci gaba abinki, aron kunne kawai nake nema.

Yau zancen karatu na kawo. Ni Kirista ce, kuma na san yawancinku Musulmi ne, kuna cikin gida ba ku fita sai da lalura. To, maƙwabta muke, kasuwa ɗaya muke aike, zazzaɓi ɗaya ke kama 'ya'yanmu. Abin da zan yi shi ne in buɗe miki takardar da na rubuta wa kaina, ta littattafan da nake son karantawa a wata uku masu zuwa. In kin ga dabarar ta yi miki, ki ɗauki ƙwaryar ki zuba naki hatsin.

Wannan al'ada a wajen Turawa na gan ta. A Amurka da Ingila, watannin Yuni da Yuli da Agusta su ne lokacin zafinsu. Rana takan yi tsawo, makarantu su yi dogon hutu, sai mutum ya zauna ya rubuta littattafan da zai karanta kafin sanyi ya dawo. Har ɗakunan karatu na gari sukan shirya wa yara gasa a kan haka. Mu kuwa waɗannan watanni damina ce. Ruwa ya tsare mutum a ɗaki, masu sallama su ragu, yara ma su samu dogon hutu. Sai na ce, ai wannan tamu ce ta samu.

Amma bari in faɗa miki gaskiya, bara kunya na ji. Na rubuta littattafai 20 rigis, har na nuna wa matan zumuntarmu a coci ina taƙama. Da damina ta wuce, biyu kacal na gama. Sauran lokacin ina ya tafi? Waya ta cinye. In ɗauka in duba saƙo ɗaya, kafin in ɗaga kai awa guda ta wuce. Shi ya sa bana na rage buri, na raba takardata gida biyu: karatun rai da karatun nishaɗi.

Mu fara da na rai. Littafi Mai Tsarki da muke karantawa a cocinmu littattafai 66 ne a haɗe, kuma tun 1932 aka buga shi cikakke da Hausa. Wanda ya ce zai haɗiye shi a wata uku tare da girki da wanki, yaudarar kansa yake yi. Ni sura ɗaya na ɗaukar wa kaina kowace safiya, na kuma daidaita ta da kwanakin wata.

Yuni kwana 30 ne. Littafin Rut sura 4 ne, na Esta sura 10, Bisharar Markus sura 16. Ki haɗa ki gani, 30 cif. Da gangan na fara da mata biyun nan. Rut mijinta ya rasu, amma ta ƙi rabuwa da surukarta Na'omi, ta bi ta har Baitalami, tana kalar hatsi a gonar mutane don su ci. Esta kuwa marainiya ce da ta zama matar sarkin Farisa, ta sa ranta a hannu ta shiga gabansa ba a kira ta ba, don ta ceci mutanenta. Duk macen da ta zauna da uwar miji, ko ta taɓa neman yadda za ta faɗa wa maigida magana mai nauyi, ta san abin da ke cikin labaran nan.

Yuli kwana 31 ne, littafin Karin Magana ma sura 31 ne. Ranar 1 ga wata sura ta 1, ranar 2 sura ta 2, ba sai na sa tsinke a littafi ba, kalanda ce za ta tuna mini. Sura ta ƙarshe tana yabon mace mai himma, wadda take kaɗi da saƙa, take sayen gona da guminta, take taimakon matalauta. Duk lokacin da na karanta ta sai in tuna da ku masu ƙuli-ƙuli da taliyar hannu da kitso a cikin gida.

Agusta kuma Bisharar Luka, sura 24. Kwana bakwai da suka rage na bar su fili, don na san halin rayuwa: yaro zai kwanta ciwo, za a yi suna ko rasuwa, baƙi za su sauka. Kuskurena na bara ke nan, ban bar wa uzuri wuri ba, da na tsallake kwana uku sai zuciyata ta karaya na ajiye duka. Da dare kuma kafin barci Zabura ɗaya. Su 150 ne, ba zan gama ba, sauran sai kaka. Ta 117 aya biyu ce tak, ta 119 kuwa aya 176 ce, ita sai na yanka ta kwana-kwana.

Akwai kuma littafi ɗaya na Turanci, The Pilgrim's Progress, na John Bunyan. Mutumin nan mai gyaran tukwane ne a Ingila, ya yi shekara 12 a kurkukun Bedford saboda yin wa'azi ba da izinin hukuma ba. An buga kashi na farko a 1678, labarin matafiyi da ya bar garinsu da kaya a baya yana neman birnin sama. Kashi na biyu, na 1684, shi nake hari bana, don labarin matarsa ne, yadda ta kwashi 'ya'yanta ta bi sawunsa. Turancinsa tsoho ne, shafi biyu a rana ya ishe ni.

Ke 'yar'uwata Musulma, wannan ɓangare kin fi ni sanin abin da za ki sa a ciki, malamarki ta Islamiyya kuma ta fi mu duka. Lissafin kawai nake ba ki aro: ki ƙirga kwanaki, ki raba karatu daidai ƙarfinki, ki bar ranakun uzuri.

To, sai na nishaɗi, kuma a nan tabarma ɗaya muke zaune. Wata za ta ce karatun labari ɓata lokaci ne. Ni dai na ga ba a cin tuwo gaya, sai da miya. Uku na zaɓa, wata ɗaya littafi ɗaya. Na farko Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda aka fara bugawa a 1937, inda aku yake ta jero wa ɗan sarki labarai don ya hana shi fita ya faɗa tarkon waziri. Labaran gajeru ne, kina iya gama ɗaya kafin wake ya nuna. Na biyu Jiki Magayi, wanda John Tafida na Wusasa ya rubuta tare da Rupert East a shekarun 1930, labarin yadda ramuwar gayya ke cin mai ita. Na uku Wa Zai Auri Jahila? na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, na 1990, a kan yarinyar da aka cire daga makaranta aka yi mata auren dole, daga baya ta koma karatu. Ita kanta marubuciyar tana ƙarama aka yi mata aure, da girmanta ta nemi ilimi, yau ga shi har Turanci an fassara wani littafinta.

Me ya sa na damu da wannan magana har na kawo ta rediyo? Kwanakin baya wata maƙwabciyata ta aiko yaro ya kira ni. Na shiga na tarar da ita riƙe da kwalbar maganin jaririnta, tana so in duba mata ko cokali nawa aka ce. Wannan baiwar Allah ta gama firamare kafin aure. Ta dube ni ta ce, "Mama, wallahi a ajinmu ni malam ke tsayarwa in karanta, yau ga shi baƙaƙen suna yi mini rawa." Shekara goma sha ba ta buɗe littafi ba. Abin ya tsaya mini a rai. Karatu kamar wuƙa yake, in an ajiye shi sai ya yi tsatsa, kuma ranar da za ki neme shi rana ce ta tsaka mai wuya: takardar asibiti, sakamakon jarrabawar yaro, ko saƙon banki da ba ki so kowa ya gani. Yanzu duk Alhamis bayan ta idar da la'asar nakan shiga, mu karanta labari ɗaya na Magana Jari Ce, ita shafi ni shafi. Makon farko da ƙyar ta kai ƙarshen shafi. Yanzu har gyara mini take yi in na yi tuntuɓe.

Saboda haka ga 'yan shawarwari. Ki zaɓi lokaci ɗaya ki riƙe, minti 15 ma ya isa, ko da sassafe kafin a hura wuta, ko da hantsi in gida ya yi shiru, ki kuma kife waya a wani ɗaki. Ki gaya wa maigida nufinki, ki roƙe shi ya sayo miki littafi in ya shiga kasuwa, ko ku yi karo-karo da abokiyar zama da maƙwabta, littafi ɗaya ya zaga gida biyar. In ba ki iya karatu ba, hutun nan ki sa ɗiyarki ta riƙa karanta miki kina aiki, ke kin ji labari, ita bakinta ya faɗa, in ta gama ki ce ta nuna miki baƙaƙen sunanki. In kuma kin haura shekara 40 kin ga rubutu na dushewa sai kin nisanta shi, yawanci girma ne ya zo wa ido. A kai ki a auna, tabarau na karatu yakan warware matsalar.

Ni dai takardata tana manne a bayan ƙofar ɗakina, kullum na karanta sai in ja layi. In Allah ya kai mu Satumba zan dawo wannan fili in faɗa muku inda na tsaya, ko na cika ko na gaza, ba zan ɓoye ba. Ke ma ki rubuta taki yau, ko littafi ɗaya ne, ki aiko mana mu ji.

Lokaci ya yi halinsa. A gaida maigida, a shafa mini kan yara. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da mu lafiya da juna. Sai wani makon in Allah ya yarda.