Jinyar Tsofaffi a Ɗakunansu



A ƙasar Hausa abin kunya ne ɗa ya kai mahaifiyarsa gidan ajiye tsofaffi, kuma ni ma ina kan wannan tarbiyya. Sai dai mu tambayi kanmu irin jinyar da tsohuwar nan take samu a ɗakin da muka bar ta.

Ku ɗauki dattijuwar da hawan jini ya jawo wa shanyewar ɓarin jiki. Asibiti ya sallame ta, an dawo da ita da ledar magunguna. Mai jinyarta 'yarta ce ko surukarta, ga goyo, ga girki, ga wanki. Ba wanda ya gaya mata cewa wanda ciwo ya kwantar haka sai an riƙa juya shi kamar bayan kowace awa 2. Cikin 'yan kwanaki fatar ƙugu da ta dunduniya ta yi ja, ta saɓule, gyambo ya kama. Ba wanda ya nuna mata cewa sai an tayar da Inna zaune kafin a ba ta koko, don kada ta ƙware abincin ya gangara huhu ya haifar da nimoniya. Ziyarar nas ɗaya a makon farko za ta iya tare duk wannan wahala.

Wasu sun riga mu gane haka. A 1859, a birnin Liverpool na Ingila, wani attajiri mai suna William Rathbone ya ga yadda nas Mary Robinson ta yi jinyar matarsa a gida, sai ya ɗauki nauyinta ta riƙa shiga gidajen talakawa. Daga nan aikin nas ta unguwa ya samo tushe a can. A 2006 kuma, Jos de Blok ya kafa ƙungiyar jinyar gida mai suna Buurtzorg a ƙasar Holand. Ma'aikatan jinya da ba su wuce 12 ba suke riƙe unguwa guda, su tsara aikinsu da kansu. Idan sun shiga gida, sukan fara duba abin da tsoho zai iya yi wa kansa, sannan abin da dangi da maƙwabta za su iya ɗauka, ragowar ne nasu.

Mu ma bin gida-gida ba baƙon abu ba ne gare mu. Da shi matanmu masu rigakafi suka yaƙi shan'inna, har aka tabbatar da Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali a 2020. Akwai kuma dokar kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa, wadda aka sa wa hannu a 2018. Saura aiki ya sauko unguwa.

Roƙona ga gwamnatocin jihohi shi ne kowace mazaɓa ta samu nas, musamman mace, tunda ita ce za ta ratsa zaure har ƙuryar ɗaki. Ta auna jini da suga, ta wanke ciwo, ta duba ko ana shan magani kan ƙa'ida, ta koya wa mai jinya. Inshorar lafiya ta biya kuɗin ziyarar. Masu unguwanni kuma su ba da sunayen tsofaffin da ke kwance, domin sun san kowane gida.

Iyayen nan sun yi ɗawainiyarmu lokacin da ba mu iya komai ba. Allah Ya ba mu ikon sauke haƙƙinsu.