Daga Juji Zuwa Lambu: Darasin Birnin Alkahira



An umarce ni da in yi magana a kan yadda ake tsara unguwar fasaha da al'adu a kewayen lambun shaƙatawa na birni. Maimakon dogon Turanci, zan kawo misali guda daga ƙasar Masar, wato Lambun Azhar na birnin Alkahira, sannan mu dawo gida mu auna.

Wurin da lambun nan yake, juji ne da aka shafe kimanin shekara 500 ana zuba shara da ɓaraguzan gini a kai. A shekarar 1984 Aga Khan ya yi alkawarin gina wa birnin lambu, gidauniyarsa ta al'adu ta kashe kusan dala miliyan 30, aka buɗe shi a 2005. Faɗinsa hekta 30 ne, kuma a ƙarƙashinsa akwai manyan tankuna 3 na ruwan shan birnin.

Ana cikin kwashe ƙasa sai aka tono ganuwar zamanin Salahuddin Ayyubi ta ƙarni na 12, wadda jujin ya binne. A bayan ganuwar kuwa akwai Darbul Ahmar, unguwar talakawa mai cike da tsofaffin masallatai da shagunan masu sana'ar hannu. To, jama'a, a nan ne gizo ke saƙar. Da sun so, da sun tashi mutanen nan sun gina otal-otal. Ba su yi haka ba. Sai suka koya wa samarin unguwar gini da sassaƙar dutse da kafinta, suka ɗauke su aikin gyaran ganuwar. Aka bai wa masu ƙananan sana'o'i rance, aka gyara gidaje masu su na ciki, aka farfaɗo da gine-gine irin su Masallacin Ummu Sultan Sha'aban na ƙarni na 14. A jikin ganuwar aka yi dandalin Junaina domin kiɗa da wasan kwaikwayo. Mai shiga lambun yakan biya kuɗin ƙofa, kuɗin su taimaka wajen kula da shi.

Darasin a taƙaice shi ne, ba a sayo al'ada a kasuwa a kawo wa unguwa. Ana fara duba abin da mutanen wurin suke da shi ne, sannan a yi lambun ya zama tsakar gidan da zai haɗa su da baƙi. Mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo.

Yanzu mu dubi Kano. Muna da ganuwa tun zamanin Sarki Gijimasu, ga Gidan Makama da Kasuwar Kurmi na zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ga marinar Ƙofar Mata, ga Dutsen Dala. Abin da ya rage shi ne fili mai inuwa da zai haɗa su. Amma kowa ya san ana ta cin ganuwar ana gina shaguna, ana cike kududdufai ana yanka filaye. Filin da aka sayar kuwa ba ya dawowa.

Saboda haka ina ba da shawara guda uku. Na farko, kafin a zana komai a takarda, a zauna da masu unguwanni da marina da dukawa da maƙera a ji bukatunsu. Na biyu, a kare filin da doka kafin a shuka ko da itace ɗaya. Na uku, a tanadi kuɗin ban ruwa da shara da albashin masu gadi tun daga farko, domin gini ba shi da wuya, riƙo shi ne aiki.

A cikinmu nan akwai injiniyoyi da lauyoyi da manyan ma'aikatan gwamnati. Watarana fayil irin wannan zai iso teburin ɗayanmu. Ranar nan, don Allah, kafin ka sa hannu ka tambaya: su wa ke zaune a wurin, kuma mene ne rabonsu?