Ruwa da Wayoyin Fitilun Ado: Inda Haɗarin Yake da Yadda Ake Kauce Masa



Gabatarwa

Wannan lacca ta shafi wani abu ne da ake ɗauka ƙarami, watau jerin ƙananan fitilun lantarki da ake ƙawata gidaje da itatuwa da tituna da su a lokutan bukukuwa. Asalin al'adar daga Amurka ne. A shekarar 1882 wani abokin aikin Thomas Edison, mai suna Edward Johnson, ya rataya ƙwayayen lantarki 80 masu launin ja da fari da shuɗi a jikin itacen Kirsimeti a gidansa da ke birnin Niyu Yok. Kafin haka kyandirori ake kunnawa a rassan itacen, abin da ya sha haddasa gobara. Lantarki ya rage wannan haɗari a cikin ɗaki, amma da fitilun suka fito waje, suka hau rufin gidaje da shingaye, sai suka gamu da wani abokin gaba, shi ne ruwa. A Amurka da Turai Kirsimeti yana zuwa ne a Disamba, lokacin ruwan sama da ƙanƙara.

Abin da ruwa yake yi

Abu na farko da ya kamata a gane shi ne, ruwa tsantsa ba ya ɗaukar lantarki sosai. Gishiri da sauran ma'adanan da suka narke a cikinsa su ne suke ba wutar hanya. Ruwan da ya kwanta a tsakar gida ya riga ya gauraya da ƙasa, balle kuma a ƙasashen sanyi inda ake barbaɗa gishiri a kan hanyoyi domin narkar da ƙanƙara.

Abu na biyu shi ne jikin ɗan Adam. Busasshiyar fata tana tare lantarki ƙwarai, domin turjiyarta tana iya kaiwa om 100,000. Idan ta jiƙe kuwa, turjiyar jiki takan faɗo zuwa kimanin om 1,000. Bisa ga dokar da masanin nan Bajamushe Georg Ohm ya bayyana a 1827, yawan wutar da za ta ratsa abu shi ne ƙarfin wutar a raba shi da turjiyar abin. Wutar gidaje a Amurka bolt 120 ce. Mutumin da ya taɓa ta da busasshen hannu, abin da zai ratsa shi bai wuce mili-amfiya 1 da 'yan kai ba, watau ɗan zir kawai zai ji. Idan hannunsa a jiƙe yake, kuma yana tsaye a jiƙaƙƙiyar ƙasa, sai lissafin ya koma mili-amfiya 120. Waya ɗaya ce, mutum ɗaya ne, amma ruwa ya ninka abin sau 100.

Ma'anar waɗannan alƙaluma ta fito fili ne daga binciken Farfesa Charles Dalziel na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. Ya nuna cewa idan wutar da ta ratsa hannu ta kai tsakanin mili-amfiya 10 da 16, jijiyoyi sukan ƙanƙame, har mutum ya kasa sakin wayar ko da yana so. Wannan shi ne abin da jama'a suke nufi idan sun ce wuta ta riƙe mutum. Daga mili-amfiya 50 zuwa 100 kuwa, idan ta ratsa ƙirji, tana iya rikita bugun zuciya, ta koma karkarwa maimakon tura jini, kuma cikin 'yan mintoci sai rai ya yi halinsa.

Kuskuren dogara ga fis

A nan ne jigon wannan lacca yake. Mutane da yawa suna zaton cewa tun da akwai fis a gida, to, idan wani abu ya faru zai ƙone ya yanke wuta. Wannan zato kuskure ne mai halakarwa. Aikin fis shi ne kare waya daga yin zafi har ta kama da wuta, ba kare mutum ba. Fulogi mai ƙafa uku irin na Ingila yakan zo da fis na amfiya 13, watau mili-amfiya 13,000. Wutar da ta isa ta tsayar da zuciya ba ta kai kashi 1 cikin 100 na wannan ba. Sabili da haka mutum yana iya mutuwa riƙe da waya alhali fis yana nan lafiya lau, fitilu kuma suna ta walƙiya.

Dalziel ne ya samar da maganin wannan giɓi a 1961, da wata na'ura da Amurkawa suke kira GFCI, a Ingila da Turai kuma ake kiran 'yar'uwarta RCD. Hikimarta mai sauƙi ce. Tana auna wutar da ta fita ta waya ɗaya da wadda ta komo ta ɗaya wayar. Muddin sun yi daidai, ba ta cewa uffan. Da zarar an sami bambanci, ta san cewa wuta ta ɓalle ta wata hanya, ko ta ruwa ko ta jikin mutum, sai ta yanke cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Ta Amurka tana yankewa a kimanin mili-amfiya 5, ta Turai kuwa a mili-amfiya 30. Daga 1973 ƙa'idar aikin lantarki ta Amurka ta wajabta sa wannan na'ura ga soket ɗin da ke wajen gidajen zama. A jikinta akwai maɓallin gwaji, kuma wajibi ne a danna shi a tabbata tana aiki kafin a jona fitilu. Idan ta yi ta yankewa bayan an yi ruwa, ba lalacewa ta yi ba, gargaɗi take yi cewa ruwa ya shiga wani wuri.

Waya da mahaɗarta

Ba kowace waya aka yi domin waje ba. Robar wayar cikin ɗaki takan bushe ta tsage idan rana da sanyi suka dake ta, ruwa kuma ba ya bukatar ƙofa babba. A Amurka, hukumar gwaji ta UL tana manna jan tambari a kan fitilun da suka dace da waje, kore kuma a kan na cikin ɗaki kaɗai. A sauran ƙasashe ana duba haruffan IP da lambobi biyu. Lamba ta biyu ita ce ta ruwa: IP44 tana jure fantsama, IP65 tana jure feshi, IP67 kuma tana jure nutsewa na ɗan lokaci. Fitilar da ba ta kai IP44 ba, ba ta waje ba ce.

Amma mafi yawan ɓarna a mahaɗa take aukuwa, inda fulogi ya shiga soket ɗin wayar ƙari. Lalle ne a ɗaga mahaɗa daga ƙasa, a sa ta cikin akwatin da aka yi domin haka. Kana a bar waya ta ɗan yi lanƙwasa ƙasa kafin ta shiga soket, domin ruwan da ya biyo jikinta ya ɗiga a can. Naɗe mahaɗa da leda da salatif dabara ce mai ruɗi, domin ruwa yakan sami hanyar shiga, leda kuma ta hana shi fita. Har ila yau, kada a kafe waya da ƙusa, kada a ratayo ta a jikin ƙofar ƙarfe ko kwanon rufi, kada a hau tsanin ƙarfe kusa da wayar da ke shigo da wuta gida. Fitilun LED ba sa cin wuta da yawa, amma wannan bai sa wayarsu ta zama marar haɗari ba, sai fa waɗanda suke da ƙaramar taransifoma mai rage ƙarfin wuta, ita ma a ajiye ta inda ruwa ba ya kaiwa. Daɗin daɗawa, kayan nan na wucin gadi ne. Ƙa'idar Amurka ta iyakance zamansu a kwana 90.

Inda maganar ta shafi ƙasar Hausa

Wani zai ce wannan matsalar Turawa ce, tun da Kirsimeti a nan cikin hunturu take zuwa. Sai dai irin waɗannan fitilu ne ake ƙawata masallatai da makarantu da unguwanni da su a watan Maulidi, haka kuma a wuraren bikin aure. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, don haka Maulidi yana zagaya yanayi. Daga 2023 zuwa 2025 cikin Satumba ya faɗo, kuma tafiyar tasa ta nufi Agusta, watan marka. Ga shi kuma wutar gidaje a Nijeriya da Nijar da Gana bolt 220 zuwa 230 ce, kusan ninki biyu na ta Amurka. Jiƙaƙƙen hannun da zai sha mili-amfiya 120 a can, a nan 230 zai sha. Wutar janareta ma haka take kisa. Yara kuma, waɗanda hasken ya fi ja, su ne masu yawo ba takalmi.

Kammalawa

Idan tsautsayi ya auku, kada a taɓa wanda wuta ta riƙe da hannu. A kashe babban makunni ko janareta tukuna. In hakan ya faskara, a tsaya a busasshen wuri a ture wayar da busasshiyar sanda, sannan a gaggauta kai shi asibiti ko da ya miƙe, domin illar zuciya tana iya bayyana daga baya.

Ɗaliban da za su zama injiniyoyi, da ma'aikatan da suke ba da kwangilar ƙawata ofisoshi da filayen taro, tambayoyi uku ne a wuyansu kafin a kunna: shin wayar ta waje ce, shin mahaɗarta ta tsira daga ruwa, shin akwai na'urar da za ta yanke wuta kafin ta kai ga zuciyar mutum? Hausawa suna cewa rigakafi ya fi magani, a sha'anin lantarki kuwa sau da yawa ba a ma samun lokacin neman maganin.