Jawabin Magatakarda a Taron Zagayowar Shekarar Ƙungiya: Garkuwa Biyu, Farashi Biyu

Ranka ya daɗe shugaba, iyayenmu alhazai da hajiyoyi, 'yan uwa 'yan kasuwa na Adjamé da Treichville, barkanmu da ganin wannan rana.

Littafin taimakon marasa lafiya na ƙungiya a hannuna yake, a kansa zan yi magana.

Ba mu manta ba, an rufe iyakokin ƙasar nan a watan Maris 2020 saboda korona, ba a buɗe na ƙasa ba sai Fabrairu 2023. Ranar 1 ga Maris 2021 aka fara allurar rigakafi a Palais des Sports, nan Treichville. Da na zagaya rumfuna ina sanarwa, amsar da na fi ji ita ce: "Magatakarda, ni na riga na yi ta na warke, jikina ya san ta."

Maganar tana da gaskiya a ciki. Wanda ya warke, jikinsa yana samun garkuwa. Allura ma aikinta ke nan: tana nuna wa jiki kamannin ƙwayar cutar tun kafin su haɗu. Amma mu 'yan kasuwa ne, mu dubi farashi. Garkuwar allura, kuɗinta ciwon hannu ne, wani lokaci da zazzaɓin kwana ɗaya ko biyu. Garkuwar jinya kuwa, kuɗinta rumfa a rufe, kuɗin magani, da cutar da ka kai wa tsoho mai ciwon suga ko hawan jini a gida. Akwai waɗanda suka biya da ransu. Allah Ya jiƙansu.

Kuma duk biyun suna raguwa da lokaci. Da nau'in Omikron ya zo ƙarshen 2021, na rubuta sunan wani babanmu a littafin nan karo na biyu, alhali shi ne ya ce ya gama da ita. Masu allura ma sun kamu, amma allurar ta rage masu kwanciya asibiti da mutuwa. Likitoci sun gano cewa wanda ya warke sannan ya yi allura ya fi samun kariya.

Yau korona ta lafa, amma tafiya ba ta ƙare ba. Jami'in lafiya a iyakar Noé katinka zai duba, ba labarin jinyarka ba. Allurar shawara sau ɗaya ake yi, ta isa har ƙarshen rayuwa, kuma ana yin ta a INHP ta Treichville. Don Allah kada kowa ya sayi kati ba tare da allura ba. Sauro ba ya karanta takarda. Wanda katinsa ya ɓace ya same ni a ofis, mu je tare.

Allah Ya kare mu, Ya sa albarka a kasuwa.