Barcin da Waya Ke Cinyewa: Intanet da Lafiyar Ƙwaƙwalwar Matasa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin kowane yara bakwai masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsala ta ƙwaƙwalwa, kuma daga cikin waɗanda suka fi yawa akwai ciwon damuwa, wato baƙin ciki mai ɗorewa da ke kashe sha'awar komai, da kuma fargaba, wato zulumin da ba ya barin zuciya ta huta. Tambayar da wannan lacca ta sa a gaba ita ce ko yawan zama a intanet yana da hannu a ciki, kuma ta wace ƙofa yake shigowa.

Masana ba su yi ittifaƙi a kan girman illar ba. A shekarar 2023, babban jami'in lafiya na Amurka na wancan lokaci, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi inda ya kafa hujja da binciken da ya nuna cewa matasan da ke wuce awa uku a rana a kafofin sada zumunta, haɗarin samun alamomin damuwa da fargaba yana ninkuwa a kansu. Sai dai a 2019, Amy Orben da Andrew Przybylski na Jami'ar Oxford sun tace bayanan dubban ɗaruruwan matasa, suka gano cewa amfani da na'urori bai bayyana fiye da kashi 0.4 cikin ɗari na bambancin walwalarsu ba. Ga kuma wata sarƙaƙiya: yaron da damuwa ta riga ta kama shi ne ya fi fakewa a waya, saboda haka da wuya a tantance wanne ya haifi wanne.

Abin da ke sasanta waɗannan sakamako shi ne a daina ƙirga awanni kaɗai, a duba abin da awannin suka ture. Haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi a 2019 lokacin da ta shigar da jarabar wasannin kwamfuta cikin kundin cututtuka, domin ba ta yanke adadin awanni ba. Ta tsaya ne a kan kasa kame kai, da fifita wasa a kan sauran lamuran rayuwa, da ci gaba da shi duk da cutarwar da ta bayyana, galibi na tsawon wata 12.

Abu na farko da waya ke turewa shi ne barci. Likitoci sun ce matashi na buƙatar awa 8 zuwa 10 a kowane dare, alhali hasken allon waya yana jinkirta fitar melatonin, sinadarin da ke sanar da jiki cewa lokacin kwanciya ya yi, su kuma manhajoji irin su TikTok da Instagram an ƙera su ne ta yadda bidiyo ke bin bidiyo babu inda za a ce an zo ƙarshe. Wannan tarko ya fi kama matashi, saboda sashen gaban ƙwaƙwalwa, wanda ke taka wa sha'awa birki, ba ya kammala nuna sai an haura shekara 20. A Najeriya lamarin yana da wani ƙarin dalili, domin kamfanonin sadarwa na sayar da datar dare da araha, sai ɗalibi mai ƙaramin ƙarfi ya raba dare yana kallo, ya tashi sallar asuba a gajiye, ya je aji yana gyangyaɗi.

Abu na biyu da waya ke turewa shi ne natsuwa da kai. Takardun sirri na kamfanin Facebook da tsohuwar ma'aikaciyarsa Frances Haugen ta fallasa a 2021 sun nuna cewa kamfanin ya san manhajarsa ta Instagram na ƙara wa wasu 'yan mata ƙin surar jikinsu, sakamakon gwada kansu da hotunan da aka yi wa kwaskwarima.

Wasu ƙasashe sun ɗauki hanyar doka: Sin ta taƙaita wasannin intanet ga 'yan ƙasa da shekara 18 zuwa awa uku a mako a 2021, Ostareliya kuma ta zartar da dokar hana 'yan ƙasa da 16 buɗe shafukan sada zumunta a 2024. Amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a gida ake farawa. Ya kamata iyaye su tsayar da lokacin ajiye waya a wajen ɗakin kwana, su ma su bi wannan ƙa'ida, sannan idan yaro ya janye daga mutane, ko karatunsa ya ja baya, ko ya fara zancen gajiya da rayuwa, kada a tsaya ga faɗa ko zargin aljanu. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna da Kware da Maiduguri suna da likitocin wannan fanni, kuma damuwa ciwo ce da ake warkewa idan an kai ta da wuri.