GADON DA KE ƁOYE A JIKIN MACE

Yau maganata da ku mata ce, amma maigida ma kada ya tashi, gama zancen ya shafe shi.

Wata mata daga wajen Dala ta zo wurinmu, shekarunta 34. Jinin al'adarta ya ɗauke, tana jin zafin jiki da gumi da dare. Ɗanta namiji ya shekara biyar bai iya haɗa magana ba. A gida an ce sammun kishiya ne, waɗansu suka ce iska ce. To, akwai wani gado na jini da kan kawo irin wannan, shi nake so ku sani.

A jikin ɗan Adam akwai igiyoyin gado guda 46, ido ba ya ganinsu. Ɗaya ana kiranta X. Mace tana da X biyu, namiji ɗaya. A kan igiyar nan akwai wani wuri inda baƙaƙe uku suke maimaituwa kamar 'ya'yan carbi. Yawancin mutane nasu bai kai 45 ba. In sun wuce 200, shi ne ciwon da likitoci suke kira X mai rauni, wanda yake hana yaro saurin magana da koyo, ya kuma fi tsanani ga maza. Likitoci biyu, Martin da Bell, suka fara bayyana shi a Ingila cikin 1943, aka gano asalinsa cikin 1991.

Amma in 'ya'yan carbin nan suna tsakanin 55 da 200, mutum yana ɗauke da gadon ne kawai. A dā an zaci irin wannan mace ba abin da ke samunta. Yanzu an san ba haka ba ne. Ku riƙe abu uku.

Na fari, haihuwa. Cikin mata biyar masu ɗauke da shi, kamar ɗaya al'adarta takan rikice ko ta ɗauke kafin shekara 40. Ciki yakan yi wuyar samu, ƙashi kuma yakan yi rauni da wuri. Likita yana da maganin da zai kiyaye ƙashin ya rage zafin jikin.

Na biyu, magana. Waɗansu, suna cikin zance sai kalma ta ɓace musu, su yi ta "wancan abin, wancan abin". Waɗansu sukan maimaita, ko su bar zancen da aka soma su kama wani. Abin kaɗan ne, yakan ƙaru da shekaru da gajiya. Ba taɓin hankali ba ne, ba kuwa raini ba ne. Maigida, ka yi haƙuri ka bar ta ta ƙarasa.

Na uku, sauran jiki. Fargaba da baƙin ciki da ciwon kai na ɓari ɗaya sun fi damun irin matan nan. Bayan shekara 50 kuma akwai rawar hannu da tangaɗi wajen tafiya, wanda aka bayyana cikin 2001. Wannan ya fi kama maza tsofaffi, mata kaɗan yake samu. Ku lura kuwa, da yawa suna ɗauke da gadon har tsufa lafiya lau.

Yaya yake ratsa dangi? Uba mai ɗauke da shi yakan ba dukan 'ya'yansa mata, ba ya ba ɗa namiji ko ɗaya. Uwa kuwa, kowane ciki rabi da rabi ne, kuma a wurinta ne carbin yakan ƙaru har ya wuce 200. Watau ba kamar sikila ba ne da sai iyaye biyu sun haɗu, auren zumunta ma ba shi ne sanadi ba. Ba wanda ya zaɓi abin da ya gada, saboda haka kada a ɗora wa uwa laifi.

To, ga abin yi. In kin ga abu biyu cikin ukun nan a danginku, watau kaka mai rawar hannu, da mace wadda jininta ya ɗauke da wuri, da yaro mai jinkirin magana, ki je asibiti ki faɗa wa likita duka tare. Ga Asibitin Murtala nan kusa da Ƙofar Mata, ga kuma Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Gwajin jini na musamman ne kaɗai yake tabbatarwa, likita zai faɗa miki yadda za a yi. Ki gaya wa 'yan'uwanki mata, gama su ma ya shafe su. Yaron kuwa, a daina kiransa dolo, a daina dukansa. Ba maganin da ke cire gadon, amma koyar da shi magana tun yana ƙarami yana taimako ƙwarai.

Maza, kada ku saki mace domin jininta ya ɗauke. Ku kai ta asibiti.

Allah ya ba mu lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.